Zaren Tuda a Bakin Kifi

Duk wanda ya taɓa sayen akumari a garin Tagzut ya san Bassu ɗan Akka, kuma ya san in ya ce maka ka dawo ranar Laraba, ba lallai Larabar nan yake nufi ba. Ɗinki kam ya iya shi. Alfadarin da ya ɗauki kaya a kan akumarin Bassu ba ya gyambo a baya, wannan ko wanda suka yi faɗa da shi jiya ba zai musa ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne rumfarsa tana fuskantar kogi, shi kuwa mutum ne da in ya hango ƙwari suna tashi a kan ruwa, sai allura ta fara yi masa nauyi a hannu.

Kogin namu reshe ne na babban kogin Ummur-Rabi'a. Daga cikin duwatsu yake gangarowa a guje, da sanyin da ke sa haƙora kaɗawa ko a tsakiyar rani. A cikinsa akwai turuta, kifi mai ɗigo-ɗigon ja a jiki, mai wayo kamar dillalin tumaki. Mutanen gari da tana suke kama shi, wasu kuma su zura raga in sun ga babu ido a kansu. Ban da Bassu. Shi wata doguwar sandar gora ya gada daga ubansa, uban kuma ya same ta a wurin wani likita Bafaranshe da ya zauna a birnin Hanifra tun zamanin da. Tare da sandar ya gaji wata irin fatsa da ba ta da tana, ba ta da ƙullu. Ƙaramar ƙugiya mutum zai ɗauka, ya naɗa mata gashin zakara da ɗan ulu har ta yi kama da ƙwaro, sannan ya shiga ruwa har gwiwa yana kaɗa doguwar igiya a iska, gaba da baya, ya sauke ƙwaron ƙaryar a kan ruwa a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya jira kifi ya ruɗu.

Amininsa Mimun wanzami bai taɓa gajiya da yi masa tsiya a kan haka ba.

"Si Bassu, ka ji tsoron Allah ka daina yi wa kifin nan ƙarya," in ji shi, don mu Si muke cewa inda wasu ke cewa Malam. "Ko tana ɗaya ka ba su ta gaskiya, ka samu lada."

"Wanda ya ci tana yunwa ce ta kama shi," in ji Bassu. "Nawa kuwa ni na kama shi."

"Shi ya sa kullum kai da yunwar kuke komawa gida tare."

A unguwarsu babu zakara mai cikakken gashin wuya, kuma duk sun san takunsa. Ulu kuwa daga kwandon matarsa Tuda yake fitowa. Tuda masaƙiya ce, irin wadda in ta kai darduma kasuwa dillalai ke yin kamar ba su gan ta ba, don kada ta gane sun ruɗe. Shekara da shekaru Bassu yana satar guntayen ulu daga kwandonta yana jin shi gwanin ɓarawo ne, ita kuma shekara da shekaru tana tara masa guntayen a sama-sama don kada ya hargitsa mata na ƙasa. Ba wanda ya taɓa ta da zancen. 'Yarsu ɗaya, Izza, ta yi aure a birnin Meknas, gida ya rage daga su biyu sai masaƙa.

Na ce su biyu da masaƙa, don a wurin matanmu masaƙa ba kayan aiki ba ce kawai. Tun ranar da aka ɗaura zaren tsaye aka miƙe shi a jikin katako, rai ya shige ta. Ana gaishe ta da safe. Ba a kawo wuƙa ko almakashi kusa da ita. Ranar da darduma ta kammala, masaƙiya za ta tsoma matajin ƙarfenta a ruwa ta yayyafa mata, ta yi mata kalmar shahada kamar yadda ake ɗiga wa mai barin duniya ruwa a baki, sannan ta yanke zaren. Ruwa shi ne sallama. Bassu ya san duk wannan, amma irin sanin da maza ke yi wa sha'anin mata, wanda ke shiga ta kunne ɗaya ya tarar da ɗayan a buɗe.

A bazarar da nake ba da labari, Tuda ta ɗaura wata jar darduma babba, har ta ci ƙarfinta, saura bai fi kamu guda ba. Sai ta je wankin ulu a kogi ranar da ake iska, ta dawo da tari. Tari ya zama zazzaɓi, zazzaɓi ya kwantar da ita. Bassu ya ɗauke ta a motar kasuwa ya kai ta Hanifra, likita ya saurari ƙirjinta, ya ba da ƙwayoyi, ya ce ta ci abinci, ta sha ruwa da yawa, in ba haka ba maganin ba zai sami abin kamawa ba. Ruwan tana sha. Abinci ne ya gagara. Maƙwabta suka yi ta aiko da miya, da burodi mai zafi, da zuma, duk ta kau da kai. Bassu ya zauna yana kallon wuyan hannunta yana ƙanƙancewa.

Wata safiya ta buɗe ido ta ce, "Ɗan Akka, da za a sami turuta gasasshe, da ɗan gishiri, da na taɓa."

Ai kafin ta rufe baki ya miƙe. Shekarunsa nawa yana jiran ranar da wani zai buƙaci kifinsa da gaske.

Sai dai ranar ba ranar fatsa ba ce. An yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, ya haɗu da narkakkiyar ƙanƙara, ya kwaso jar ƙasar gangare ya zubo cikin kogi. Daga ƙofar gida ana jin rurinsa. Ruwan ya yi jawur, ya yi kauri kamar kwaɓin gini, yana tafe da rassa da tushen itatuwa. A irin wannan ruwa kifi ba ya ganin ko hancinsa, balle ɗan ƙwaro mai launin toka. Bassu ya san in akwai dabara, to ƙwaro ne babba, mai nauyi, mai jan da zai haska ko a cikin laka.

Ya duba kwando. Baƙi ne da fari da wani ruwan ƙasa. Jan duk ya shige darduma. Abin da ya rage na ja sili ɗaya ne, wanda ke reto a jikin masaƙa daga inda Tuda ta tsaya ranar da ta kwanta, yana jiran ta dawo ta ci gaba da ƙulli.

Ya tsaya yana kallonsa. Ya waiwaya ɗaki, Tuda ta koma barci. Ya ce a ransa, tsawon yatsa ɗaya ne fa, kuma don ita ne. Ya zaro ɗan almakashinsa daga aljihu ya datse. Da guntun ya faɗo tafin hannunsa sai ya ji da ɗumi, kamar yanzu aka zare shi daga jikin tunkiya, alhali ɗakin saƙar ko wuta ba a hura a cikinsa ba tun da ta kwanta. Ya ce hannunsa ne ya yi sanyi. Ya zauna a bakin ƙofa ya naɗa shi a ƙugiya, ya yi masa wuya da baƙin gashin zakara, ya ɗauki sanda ya fita.

Can sama da gari akwai inda duwatsu suka matse kogin, ƙasa da matsin kuma ruwa yana yin wani gurbi yana juyawa a hankali. Nan kifi ke fakewa in kogi ya haukace. Da ya isa, hazo ya sauko ya rufe kan duwatsun. Ba tsuntsu ko ɗaya. Ko makiyayan da ke yawan zama a ƙetare ba su fito ba. Ya shiga ruwan a gefe-gefe, yana jin yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya kaɗa igiya, ya jefa.

Jan ƙwaron ya taɓa ruwa ya nutse. Bai kai ga gyara tsayuwa ba ya ji an fizga.

Kifi ne madaidaici, mai ƙiba. Ya sa shi a jaka yana dariya shi kaɗai, yana ayyana yadda zai ba Mimun labari. Ya sake jefawa, aka sake fizga. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya tsufa a bakin kogin nan, ya san kifi ba ya gani a irin wannan ruwa. Amma ga su suna zuwa kai tsaye, kamar an kira su da suna.

Sai ya fara jin bugu. Daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa, ta ƙafafunsa ya fara jin sa kafin kunne. Kowa ya san in kogi ya cika yana mirgina manyan duwatsu a ƙasa, suna karo da juna, ana jin su dum, dum. Bassu ya faɗa wa kansa haka. Sai dai duwatsu ba su da tsari, wannan kuwa yana da shi. A buga, a buga, a ɗan huta, a sake. Haka Tuda ke dukan saƙa da matajinta, saboda kafaɗarta ta dama da ke ciwo, sai ta ɗan huta kafin ta ci gaba. Rabin rayuwarsa da wannan bugun yake shan shayin safe.

Ya kamata ya naɗe igiyarsa ya tafi, kifi biyu sun ishi mara lafiya. Amma mai fatsa bai san kalmar ya isa ba. Ya jefa na uku.

Wannan bai fizga ba. Igiyar ce kawai ta miƙe, ta yi nauyi, ta fara tafiya cikin ruwa a hankali. Babban kifi in ya ji ƙugiya gudu yake yi, ya yi tsalle, ya yi hauka. Wannan ja yake yi a natse, kaɗan-kaɗan, kamar mace tana naɗe zare a hannu. Bassu ya riƙe, gora ta lanƙwashe har tana ƙara. Ya taka gaba don kada ta karye, ruwa ya kai masa cinya, ya ƙara taku, ya kai masa ƙugu. Sanyin da ya soke shi a ciki ne ya dawo da shi hayyacinsa. Ya turje, ya ja da baya. Siririn zaren bakin igiyar ya tsinke. Bugun ma ya tsaya, sai rurin kogi kawai.

Ya dawo gida jiƙe sharkaf, ba jan ƙwaro, amma da kifi. Ya gasa su a kan gawayi, ya ɓare naman da yatsa, ya cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Tuda ta ci loma, ta ƙara, ta ce gishirin ya yi yawa, abin da ya faranta masa rai fiye da godiya. Ya ɗebo ruwa a kofi ya miƙa mata don ta haɗiyi ƙwayarta.

Ta ture kofin. "Na sha."

"Yaushe kika sha, uwar Izza? Ga tulu can a cike, sai yanzu na buɗe shi."

"Tun ɗazu nake sha. Kuna ta ɗura mini." Ta yamutsa fuska tana tauna wani abu da ba ya nan. "Kuma duk laka ne. Ka daina ɗebo mini na kogi."

Ruwan na rijiyar masallaci ne, garau kamar idon zakara. Ya nuna mata a haske. Ta rufe ido.

Ranar ba ta sha ba. Washegari ma haka. Leɓunanta suka bushe suka tsattsage, harshenta ya yi fari, amma da an kawo kofi kusa sai ta dafe ciki ta ce ya cika, babu wurin ko ɗigo. Ya gwada shayi, ya gwada madara, ya gwada lallashi da faɗa. Ƙwayoyin likita suna nan a kan taga, ba abin haɗiye su.

A haka Gwaggo Yamna ta zo dubiya. Ƙanwar mahaifin Tuda ce, ita ta koya mata saƙa. Yanzu idonta ya yi hazo, yatsunta sun kanannaɗe kamar saiwar itace, amma bakinta lafiya lau. Kafin ta shiga wurin mara lafiya sai da ta biya ɗakin saƙa ta gaida masaƙa, kamar yadda ta saba. Bassu yana tsakar gida ya ji shirun ya yi yawa.

"Ɗan Akka. Zo nan."

Ya same ta a durƙushe, tafin hannunta a kan gindin dardumar.

"Taɓa."

Ya taɓa. A jiƙe take, da sanyi, kuma da ya ɗaga yatsunsa sai ya ga jar ƙasa a jikinsu.

"Bango ne ya tsotsi ruwan sama, Gwaggo," in ji shi. Ya zura hannu bayan masaƙar ya shafa bangon. A bushe yake ƙamas. Ya ɗaga kai ya duba rufi, ba ɗigo.

Ita kuwa yatsunta suna ta hawa jikin saƙar har suka kai kan silin ja. Ta murza bakinsa tsakanin yatsu biyu.

"Wannan ba tsinkewa ya yi ba. Wa ya kawo almakashi ɗakin nan?"

Bassu mutum ne da zai iya yi wa kifi ƙarya daga safe har yamma, amma bai taɓa iya yi wa tsohuwa ba. Ya faɗa mata. Ya ƙara da cewa ya san ya yi kuskure da ya yanka bai yayyafa ruwa ba, in ana so yanzu ma sai ya ɗebo a yayyafa.

"Kai dai Allah ya ba ka hannu ya hana ka kai," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Da yankan kawai ka yi, da sauƙi, sai a ƙulla a ba dardumar haƙuri. Ina guntun?"

"Yana kogi. Kifi ya tafi da shi."

"To ka ji. Mu ɗigo muke ba ta a bakin mataji, ta san an sallame ta. Kai ka ɗauki jikinta ka ba ta kogi guda. Tana can tana sha, ba ta daina ba. An ce mata tafi, ga shi ba a kwance ta ba. Kuma ba ta san hanya ita kaɗai ba, sai ta riƙe hannun wadda ta ɗaura ta."

Ya ce zai kamo kifin ya dawo da ulun. Tsohuwar ba ta ce masa kada ya je ba.

Da gari ya waye ya koma matsin duwatsun. Kogin ya ƙara hawa, gurbin da ya tsaya shekaranjiya ya ɓace a ƙarƙashin kumfa. Ya jefa duk ƙwaron da ya mallaka, manya da ƙanana. Ko taɓawa ba a yi ba. Wajen hantsi ya ji taku a bayansa, ya waiga, sai ga Mimun ya rufe shagonsa ya biyo shi, riƙe da gwangwani. Ya ajiye shi a kan dutse. Tana ce a ciki. Bassu ya dube shi, ya dubi gwangwanin, ya cire ƙwaronsa ya soka tana a ƙugiya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Mimun da ya yi shekaru yana jiran wannan rana ya juya baya yana kallon duwatsu.

Tanar ma ba ta kama komai ba.

Da ya dawo, jiƙar ta hau dardumar har ta wuce gwiwar mutum, ɗakin yana warin bakin kogi. Tuda ta farka, idonta ya faɗa. Gwaggo Yamna ta riga ta gaya mata. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran faɗa, da ma a ce faɗan ta yi.

"Ka bar kifin nan, ɗan Akka," in ji ta, muryar kamar ana jan takarda. "Ba zai dawo ba. Dardumar nan tafiya take so ta yi. A gama ta, a kwance ta, ta tafi abinta."

Magana ce mai sauƙi, sai dai wa zai gama? Tuda ko zama ba ta iya yi sai an tokare ta. Yatsun Gwaggo Yamna ba sa ƙulli. Ruwa ya cinye hanyar Meknas, balle a kira Izza. Aka aika wa maƙwabta, matan suka zo da niyyarsu ta alheri, suka leƙa ɗakin saƙa, suka shaƙi warin, suka ga jar lakar da ke tsattsafowa a ƙasa. Nan take wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta tuna akuyarta na naƙuda. Ba wanda ya ga laifinsu.

Da gida ya yi shiru, Tuda ta zuba wa hannuwan mijinta ido.

"A'a," in ji Bassu. "Uwar Izza, namiji a gaban masaƙa? A garin nan?"

"Ka ɗinka wa jakuna riga, ka ɗinka wa ƙugiya riga. Wace mazantakar ce ta rage da ulu zai ɓata?"

Gwaggo Yamna ta ce ita ba ta taɓa jin an yi haka ba, amma kuma ba ta taɓa jin an yi irin wautar da ta jawo shi ba, don haka sun yi daidai da juna.

Aka jawo shimfiɗar Tuda zuwa ƙofar ɗakin saƙa, aka tokare ta da matasai. Bassu ya sa sakata a ƙofar gida, ya zauna a kan ɗan bencin da ya yi masa ƙanƙanta. Tsohuwar ta sa ya yi wa masaƙa sallama, ya yi, yana jin kunya kamar ranar da ya je neman aure. Ba sauran ja, sai aka ce ya rufe da baƙi da fari. Tuda tana faɗa yana yi: zagaya zare biyu, fito ta tsakiya, ja ƙasa. Ƙullin farko ya karkace, na biyu ma. Daga nan yatsun da suka saba naɗa gashi a ƙugiyar da ba ta kai ƙwayar alkama ba suka gane abin da ake nema.

Zaren tsayen yana da sanyi. In ya sa hannu tsakaninsu sai ya ji suna ɗan rawa, irin rawar igiya a cikin ruwa mai gudu. Bai faɗa wa kowa ba.

Da ya ɗauki matajin ƙarfe ya fara duka, sai ga fuskar Mimun a taga.

"Na ji bugu na ce uwar Izza ta warke," in ji shi. Ya leƙo ya ga wanda ke kan bencin. "Sannu da aiki, 'yar Akka. In kin gama ina da bargo da ke son gyara."

"In ka faɗa wa wani, ni da kai ne."

"Ni? Ni wanzami ne, Si Bassu, ka taɓa jin wanzami ya yi surutu?" Sai murmushin ya gushe. "Me zan kawo?"

"Burodi. Kuma ka tsaya a ƙofa."

Ya wuni yana ƙulli, ya kwana ya tashi ya ci gaba. Bayansa ya ƙage, yatsunsa suka fashe. Jiƙar tana bin sa a baya, duk layin da ya gama bai daɗe ba sai ya ga ya yi duhu. Tuda kuma maganarta tana raguwa. Da farko tana gyara masa kowane ƙulli, daga baya sai ta ɗaga yatsa kawai, daga baya yatsan ma ya kwanta. Wajen la'asar ya ji sanyin ruwa a layin da yake kai, a ƙarƙashin farcensa.

"Gwaggo, ta kamo ni."

"Rufe bakin saƙar a nan," in ji tsohuwar. "Gajeriyar darduma ma darduma ce."

Ya yi layukan rufewa, ya doke su da mataji. Aka tashi Tuda da ƙyar. Gwaggo Yamna ta ce ba sai an yayyafa ba, wadda ta sha kogi me za ta yi da ɗigo. Tuda ta girgiza kai.

"Laka ta sha. Ba zan sallame ta da laka a baki ba."

Mimun ya miƙo kwanon ruwan rijiya ta taga. Bassu ya ɗauko matarsa cak, ba ta fi nauyin akumari ba, ya zaunar da ita a kan bencin, tsohuwar ta tallafe ta ta baya. Tuda ta tsoma haƙoran matajin a kwano, ta yayyafa daga wannan gefe zuwa wancan, leɓunanta suna motsi da kalmar shahada. Aka sa mata wuƙa a hannu. Bassu ya rungumi dardumar ta ƙasa don kada ta faɗi, sanyinta yana ratsa rigarsa.

Ta fara yanka. Zaren suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, nauyin yana sauka a hannunsa. Da ya rage 'yan kaɗan a gefe, sai ya ji an ja. Ba nauyin darduma ba ne, nauyi ƙasa yake yi. Wannan ja ne a natse, kaɗan-kaɗan, zuwa wajen bangon da ke fuskantar kogi. Ya san shi. Ya kafa ƙafafunsa a ƙasa ya riƙe, wannan karon bai taka gaba ba. Tuda ta kai wuƙar, ta kuskure, ta sake, ta kama zaren ƙarshe.

Abin ya saki. Dardumar ta zubo masa a jiki, jiƙaƙƙen ulu kawai, mai nauyi da wari.

Gwaggo Yamna, wadda ba ta ganin ko ƙofar ɗaki sai ta lalubo, ta juyo da fuskarta daidai inda yake.

"Ya saki?" ta tambaya a hankali.

"Ya saki, Gwaggo."

Tuda tana zaune tana numfashi, wuƙar a cinyarta. Ta daɗe tana kallon katakon da ya rage tsirara. Sannan idonta ya sauka kan kwanon da ke gefen ƙafarta, da sauran ruwa a ciki da 'yan gashin ulu suna yawo a kai. Ta miƙa hannu, hannun bai kai ba. Bassu ya yar da dardumar ya ɗauko mata. Ya so ya tsame gashin, ta riƙe bakin kwanon da hannu biyu ta kafa kai. Ana jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronta. Ba wanda ya yi motsi, har Mimun a taga.

Ta sauke kwanon, ta goge baki da bayan hannu, ta dubi baƙin layin da ya rufe dardumar da shi.

"Gefen hagu ka ja da yawa, zai tattare," in ji ta. Ta miƙa masa kwanon. "Ƙaro. Ka haɗo da ƙwayar likitan nan."